Goggo Mai Tafireta da Buƙata ta Huɗu

Ƙarfe bakwai saura kwata take isowa, jaka a hammata, laima a hannu ko da sama tas take. Kafin ta taɓa kwaɗon shagonta sai ta share gabansa, ta haɗa da gaban maƙwabcinta mai sayar da igiya, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana cewa gobe shi zai yi sharar. Shagon nata ba wani abin a zo a gani ba ne. Katako ne da kwano a bakin layin bayan kasuwa, daidai inda ake karyo kwana daga babban titi. A ciki akwai tebur, da kujerar da aka ɗaure wa ƙafa ɗaya da waya, da bencin mutum biyu, uku in sun san juna. Sai ita kanta tafiretar, lulluɓe da tsohon zani. Takan yaye zanin, ta sa tsohon buroshin haƙori ta bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, ta zura takarda ta buga layi guda don ta ji muryar abokiyar aikinta. In ƙarar ta yi mata, sai ta ɗaga wa mai shayin tsallake hannu. Da ka ji ƙwas-ƙwas ɗin nan da 'yar ƙararrawar ƙarshen layi, ka san kasuwa ta buɗe, ko da agogonka ya ce da saura.

Duk kasuwa Goggo muke ce mata, har waɗanda suka girme ta. Sana'arta buga takardu: ta neman aiki, ta yarjejeniyar haya, ta ban haƙuri ga mai gida, duk abin da mutum ke so ya fito da kwarjini. Amma ba wannan ya sa muka ɗauki alƙalami yau ba. Sau ɗaya a shekara kwamitin kasuwanci na majalisar dokokin jiha yakan buɗe ƙofa ya saurari 'yan kasuwa da masu sana'a. Mu ƙungiyoyi goma sha ɗaya ne a wannan kasuwa, daga masu hatsi da teloli har masu walda da kafintoci da mahauta, kuma takardar buƙatun da muke shiga da ita gaban 'yan majalisa, shekara talatin da ɗaya daga hannun Goggo take fita. Ba ta riƙe muƙami ba. Ba a taɓa sa sunanta a ƙasan takardar ba. Hotunan da ake ɗauka a matattakalar majalisa kuwa, in ka gan ta a ciki, to gefen mayafinta ka gani.

A cikin waɗannan shekaru akwai buƙata ɗaya da ita da kanta ta yi shekara goma sha tara tana roƙon a saka: a yi dokar da za ta buɗe wa motar kashe gobara hanya a cikin kowace kasuwa. Ta sani sarai, mu ma mun sani, ranar da aka yi wannan doka shagon farko da za a tayar shi ne nata.

Amma bari mu faro daga kunyar da muka sha, don daga can Goggo ta zama Goggo.

Shekarar farko da aka gayyace mu, kowace ƙungiya ta kai mata takardarta daban, kowa yana rufa-rufa kada maƙwabci ya ga abin da zai roƙa. Lokacin tana da ƙuruciyarta, da goyo a baya. Ta buga goma sha ɗayan, ta miƙa wa kowa tasa, ta ce a hankali, "Da dai kun zauna kun karanta wa juna." Ba wanda ya tanka mata. Wa zai tsaya jin shawarar mai buga takarda? Muka sha guga, muka cika mota biyu, muka tafi. Shugaban masu hatsi, wanda muke kira Mai Buhu, ya tashi ya roƙi a buɗe wa manyan motoci titin gabas su riƙa sauke kaya. Yana zama, shugaban masu walda, wani saurayi mai zafin kai da ake kira Tartsatsi, ya miƙe ya roƙi a hana manyan motoci bin titin gabas, don suna tsinka musu wayar wuta. Teloli suka ce a ƙara lokacin tashi daga kasuwa, mahauta suka ce a rage. Shugaban kwamitin ya jera takardun a gabansa, ya cire tabarau, ya ce, "To jama'a, wacce kasuwar za mu yi wa doka? Ni dai na ga goma sha ɗaya a nan." Zauren ya fashe da dariya, har masinja sai da ya juya baya. Muka dawo gwiwa a sanyaye, ba mai kallon idon wani a cikin mota.

Washegari Mai Buhu da Tartsatsi suka yi kiciɓis a bencinta, kowa ya zo a buga masa wasiƙar ƙorafi a kan ɗan'uwansa. Goggo ta saurare su, ta ja zani ta rufe tafireta.

"Ba zan buga ba," ta ce.

"Ke da sana'arki?" in ji Mai Buhu.

"Ni da sana'ata, Yaya. Jiya an yi muku dariya, kuma da haruffana aka yi ta. In kuna so in sake buga takardar majalisa, shafi ɗaya zan buga, na kowa da kowa. Na tambayi akawunsu, ya ce ɗan majalisa ba ya juya shafi. Shafi ɗaya kuwa buƙata uku yake ɗauka."

Tartsatsi ya zabura. "Uku? Mu goma sha ɗaya?"

"Sai ku yi faɗanku a gida, ɗan nan, ku fita da baki ɗaya."

Daga nan aka samo abin da muke kira majalisar gwaji, wadda ba mu taɓa jin wata kasuwa na yin irinta ba. Sati guda kafin ranar zuwa, da an rufe shaguna da yamma, sai a hau ɗakin taron ƙungiya da ke saman sito na masu hatsi. A fara da jayayya a kan buƙatu, a ɗaga hannu, ukun da suka fi samun hannu su shiga shafi, sauran su jira baɗi. Sannan a ɗora kujera a kan benci, Goggo ta hau ta zama shugaban kwamiti. Gudumar da take bugawa aron ta take yi daga wani tsoho mai gyaran takalmi da ke can ƙuryar layinta, wanda kowa ke kira Baba, gurgu ne mai yawan barkwanci. Agogon kuwa na mijinta ne, wanda gyaran agogo ne sana'arsa. Ya saita mata shi ya riƙa kururuwa bayan minti bakwai cif, don abin da majalisa ke ba kowane mai magana ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji ta, kuma gara ka sha kunya a gaban 'yan'uwanka da ka sha ta a gaban 'yan jarida.

Wanda bai ga Goggo a kan kujerar nan ba ya yi asarar kallo. Matar da ba ta ɗaga murya a shago, da ta hau sai ta sauke tabarau kan hanci ta koma wata daban. "Mutum nawa abin ya shafa? Kai ka ƙirga, ko ji ka yi a wurin mai shayi?" Mai Buhu, da yake mutum ne mai son gaisuwa, ya taɓa farawa da mai girma shugaba, da masu girma mambobi, da iyalansu, da gajiyar hanya, yana shirin cewa abin da ya kawo shi agogo ya ɗauki kuka. Goggo ta buga guduma. "Ka gaishe mu mun amsa. Sai baɗi." Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki, shi kansa sai da ya dara. Shugabar teloli, mace mai baki kamar almakashi, ta taɓa sauka tana share hawaye, tana rantsuwa ba za ta ƙara hawa benen nan ba. Sati na zagayowa ta tsaya gaban 'yan majalisa ta yi maganar da har yau ake ba da labarinta.

Akwai tambaya ɗaya da ba ta taɓa tsallakewa ba: "Wa zai yi asara in an yi wannan doka?" Takan ce babu dokar da ba ta taka ƙafar wani, in kai ba ka ambaci mai ƙafar ba, za ka tarar da shi ya riga ka zuwa ofishin ɗan majalisa. Da wannan tambaya muka raba rigimar titin gabas: manyan motoci su shigo da sassafe kafin a buɗe, a ɗaga wayoyin wuta sama. Da ita muka samu aka haɗe harajin nan barkatai da kowa ke zuwa karɓa da rasit ɗinsa ya koma guda. Da ita aka kawo mana taransifoma, aka gyara magudanar da takan mayar da layin mahauta kogi duk damina. Shugabanninmu suka sha tafi, wasu ma suka samu shiga siyasa ta wannan hanya. Ita kuwa takan zauna a layin ƙarshe na 'yan kallo, jaka a cinya, leɓɓanta suna motsi tare da mai magana.

Goggo, ke ce kika koya wa manyan mutane masu gemu yadda za su faɗi damuwarsu a minti bakwai. Ke ce kika mai da baki goma sha ɗaya ya zama ɗaya, ba da sanda ba, sai da gudumar aro. Kwanakin nan suna ba mu kewa, Goggo, har ƙurar hatsin da ke tasowa ta tsakanin katakon benen tana sa mu atishawa a tsakiyar jawabi.

A shekara ta goma sha biyu gobara ta tashi. Da tsakar rana ne, kasuwa na ci. Janareton wani mai katifa a tsakiyar layin baya ya yi tartsatsi, kafin a ce kwabo wuta ta kama rufi. Kada a ɗora wa 'yan kwana-kwana laifi, domin ba a yi kwata ba sai ga motarsu da jiniya. Ta karyo kwana daga babban titi, ta tsaya cak a ƙofar Goggo. Layin da aka yanka da faɗinsa tun asali, mun bi shi mun cinye: wannan ya ƙara rumfa, wancan ya fito da tebur, wani ya jibge buhuna, ita ma shagonta a kan hanyar aka kafa shi. Direban ya leƙo ta taga, ya dubi matar da ke tsaye rungume da tafireta, ya ce, "Baiwar Allah, ta ina?" Suka ja mesar ruwa iya tsawonta, ba ta kai rabin layi ba. Shago ashirin da shida suka ƙone. Baba mai takalmi, da ƙafarsa ɗaya, bai iya fitowa daga ƙuryar ba.

Gudumarsa tana hannunta a ranar, don ba ta riga ta mayar masa ba tun zaman gwajin da ya wuce. Da ita ta ci gaba da aiki.

Aka yi jaje, aka yi kuka, aka sake gini. Kowa ya mayar da rumfarsa inda take, wasu ma suka ɗan ƙara taku guda. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na mai janareto. Goggo kuwa ta kasa cin abinci. Mijinta, wanda a gida yake tsokanarta da mai girma shugaba, ya ajiye tsokana ya ce, "In abin ya tsaya miki a rai, ki tashi daga wurin mana. Allah ba zai hana mu abin da za mu ci ba."

"In na tashi yau, Malam, gobe wani ya kafa wanda ya fi nawa faɗi," ta ce. "Kuma bayan nawa akwai arba'in. Sai dai doka ta tashe mu gaba ɗaya." Sannan ta ƙara da abin da ba kowa zai faɗa ba. "Kuma ina tsoro. Da teburin nan muke riƙon yaran nan huɗu."

A zaman gwajin da ya biyo baya, kafin ta hau kujera, ta ɗaga hannu a karo na farko ta ce ita ma tana da buƙata. Aka saurare ta da ladabi. Mai Buhu, wanda buhunansa suka fi na kowa cin hanya, ya gyara zama ya ce, "Goggo, maganarki gaskiya ce, Allah ya ji ƙan Baba. Amma mu majalisa muke zuwa mu roƙi a ba mu. Yaushe mutum zai sa kayansa masu kyau ya je ya roƙi a karɓe masa?" Aka ɗaga hannu. Buƙatarta ta zo ta huɗu. Shafi kuwa uku yake ɗauka, kuma ita ta kafa dokar.

Baɗi ma ta huɗu. Shekarar gaba ma haka. Har abin ya zama abin wasa a bakinmu, Allah ya yafe mana: in mutum ya nemi abin da ba zai samu ba, sai a ce wannan ai buƙata ta huɗu ce. Tana ji, takan yi murmushi, ta hau kujerarta ta horar da masu maganar buƙatun da suka kayar da tata kamar 'ya'yan cikinta.

Tartsatsi ne ya ba da labarin abin da ya faru a shekara ta goma da fara wannan roƙo. Shi ya daɗe da komawa bayanta, don mai walda ya san halin wuta. Ya same ta tana buga takardar ƙarshe, ya rage murya.

"Goggo, wa ke duba takardar nan bayan kin buga? Sa hannu kawai suke yi. Matse layukan ki zura taki a ƙasa. Kafin su farga an karanta a majalisa."

Ya ce ba ta fasa bugawa ba. Sai da ƙararrawar ƙarshen layi ta yi ƙara sannan ta dube shi ta saman tabarau.

"Ɗan nan, ka san abin da ya sa suke sa hannu ba su duba ba?"

Ya girgiza kai.

"To shi nake ci da shi. Takardar nan ba tawa ba ce. Ranar da na zura abin da ba su yarda da shi ba, sai su tashi a gaban majalisa su ce ba da yawunsu ba, mu koma goma sha ɗaya. Je ka, kana tare mini haske."

Bara idonta ya fara yana. Ta fara buga harafi a kan harafi, ita da a da ko goge-goge ba a gani a takardarta. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma ta haƙura da ƙura wa ƙananan rubutu ido. Dama tuni matasa suka buɗe shagunan kwamfuta a babban titi, masu zuwa bencinta sun ragu, sai tsofaffin abokan hulɗa da ke zuwa rabi don takarda rabi don hira. Ta sanar cewa wannan ce shekararta ta ƙarshe. Kowa ya ɗauka za ta yi roƙonta na goma sha tara, a ba ta haƙuri na goma sha tara, a yi mata addu'a a rabu lafiya.

Sai ta ari tef ɗin awo a wurin shugabar teloli, ta hau mota ta tafi ofishin 'yan kwana-kwana. Ta roƙe su suka bar ta ta auna faɗin motarsu daga madubi zuwa madubi. Ta dawo ta sa kafinta ya yanka mata sanda daidai wannan faɗi. Ta aika wa shugabanni cewa zaman gwajin bana ba a bene zai fara ba, a bakin layi zai fara, kuma da tsakar rana.

Muka taru muna mamaki. Ta ba Mai Buhu bakin sanda ɗaya, ta ba Tartsatsi ɗayan, ta ce su riƙe ta a kwance.

"Yau ku ne mota," ta ce. "Bismillah, ku shiga."

Taku ɗaya suka yi sandar ta daki bangon shagonta. Goggo ta zaro alli daga jaka, ta ja babban gicciye a kan ƙofarta da hannunta. Aka karkata sanda aka wuce, ta sake maƙalewa a rumfar mai igiya. Alli. Teburin mai robobi. Alli. Buhunan Mai Buhu kuwa sai da aka ɗaga sandar sama da kai, shi da kansa yana haki, gumi na bin gemunsa. Kasuwa ta tsaya cak, masu saye da masu sayarwa suka biyo baya. Wurare arba'in da uku aka yi wa alama, kuma tafiyar da ba ta fi minti biyu ba ta ci kusan awa.

A can ƙuryar layi, inda Baba ke zama a da, yanzu 'yar Mai Buhu ce ke da shagon kayan yara. Ta fito da jaririnta a kafaɗa tana dariya, ta ce, "Baba, sannu da aiki, yau kai ne ɗan dako?" Mai Buhu ya juya ya dubi layin da suka biyo, yadda rumfuna suka haɗe sama ko babban titi ba a hangowa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ajiye bakin sandarsa a ƙasa a hankali.

Da yamma a bene, Goggo za ta hau kujera Mai Buhu ya riga ta. Ya ɗauki guduma, ya nuna mata wurin tsayuwar masu roƙo. Shekara talatin tana gasa mu, yau ga ta a tsaye tana gyara mayafi kamar sabuwar ɗaliba. Ya sauke tabaransa kan hanci yana kwaikwayonta, amma muryarsa ba ta wasa ba ce.

"Malama, wa zai yi asara in an yi wannan doka?"

"Ni ce ta farko, ranka ya daɗe," ta ce. "Kai ne babba."

Ya jinjina kai. Ya ɗaga hannunsa tun ba a ce a ɗaga ba. Buƙatar ta shiga shafi, kuma a sama ta zauna. Aka ce ba wanda zai gabatar da ita sai mai ita.

Ranar zuwa majalisa mai gadi ya tare mu a ƙofa saboda sandar. "Sanda ɗaya ce ke shiga gidan nan," in ji shi, "sandar majalisa, kuma tana ciki." Sai da tsohon akawun kwamiti ya fito, ya ga Goggo, ya ce shi ya san takardun matar nan tun yana sabon ɗauka, a bar ta ta shiga da kayanta. Ta tsaya gaban kwamiti, aka shimfiɗa sandar a ƙasa gabanta. Ba ta iya ganin takardar da ke hannunta, ba ta kuma buƙace ta ba. Ta faɗi faɗin mota, ta faɗi faɗin layi, ta faɗi abin da direba ya tambaye ta shekara goma sha tara da suka wuce. Minti huɗu ta yi. Shugaban kwamitin, matashi ne da ba a haife shi ba lokacin da aka yi mana dariya ko kuma yana rarrafe, ya ce, "Mama, doka irin wannan tana tayar da rigima. Waɗanda za a rushe wa fa, sun sani?"

Goggo ba ta juya ba. A bayanta kujeru suka yi ƙara. Mutum talatin da uku cikin arba'in da ukun da aka yi wa alli suka miƙe tsaye, Mai Buhu a gaba. "Mu ne, ranka ya daɗe," in ji shi. Ba gaisuwa, ba gajiyar hanya. Shugaban ya daɗe yana duban mu, ya ce a zamansa bai taɓa ganin waɗanda suka zo roƙon a rage musu ba. Gaskiya kuma a faɗe ta: taran da ba su zo ba, biyu daga cikinsu har yau ba sa gaishe ta, kuma ba ta ga laifinsu ba.

Wata takwas ƙudirin ya yi yana yawo kafin ya zama doka. Ranar da aka sa za a buɗe layi, Goggo ta iso a lokacinta na kullum. Ta fito da tebur da kujera da benci, mijinta ya rungumi tafireta ya sa a baro. Ta ce wa ma'aikatan hukuma su dakata, ba baƙo ne zai taɓa mata shago ba. Ta kira Tartsatsi. Ya zo da guduma da ƙarfen ɓanɓare ƙusa, ya tsaya, mutumin da ke yanka ƙarfe kamar rake, ya kasa ɗaga gudumar.

"Goggo, ki sa wani."

"Kai ka ce in zura ta a ɓoye," ta ce. "Ga ta ta fito a sarari. Fara daga rufi, kada ka fasa mini katakon, Malam zai yi kejin kaji da su."

Kafin hantsi babu shago. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta tsaya har aka kwashe ƙusa ta ƙarshe, ta yi wa kowa sallama ɗaya bayan ɗaya, ta bi bayan baro. Mu ne muka yi kukan. Sauran masu alli, da suka ga haka, ba wanda ya jira a taɓa masa. Kowa ya kama tasa rumfar yana ja da baya.

Wata uku da suka wuce, da hantsi, tukunyar gas ta kama wuta a shago na uku daga ƙuryar layin. Mai Buhu bai aiki kowa ba, da kansa ya tafi gidanta da ƙafarsa mai ciwo. Ya same ta a tsakar gida da baƙin tabaran da likita ya ba ta bayan aikin ido, tana watsa wa kaji tsaba. Ya ce mata an yi gobara a layi. Kwanon ya kusa suɓuce mata. Ba ta tambayi shagon wa ba, ba ta tambayi me ya ƙone ba.

"Motar ta tsaya?"

"Ba ta tsaya ba, Goggo. Har ƙurya ta shiga. Rufi ɗaya ne ya ƙone, ko ƙwarzane ba wanda ya yi. Jikana yana can yana barci, bai ma farka ba."

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ya ce ya zauna a kan turmi ya jira ta.

Sati mai zuwa za a hau bene zaman gwaji, karo na farko babu ke a ɗakin. Mun gode, Goggo. Mun gode da shafi ɗaya, mun gode da haƙurin shekara goma sha tara da kika yi da taurin kanmu ba ki ci amanar sa hannunmu ba. Allah ya ƙara wa idonki haske, ya saka miki da abin da mu ba za mu iya ba. Ku kuma matasan da za ku ɗauki takardarmu zuwa majalisa bana da baɗi, ku koyi roƙon abin da zai amfani kowa ko da a ƙofarku zai fara cizo, kuma kafin ku hau mota ku biya ta bakin layin baya ku tsaya minti ɗaya. Ba za ku ga allo ba, ba za ku ga suna ba, ba za ku ga komai ba. Wasu gini suke bari a tuna da su. Ita fili ta bari, kuma ta nan motar ta wuce.